Kofi Ɗaya na Ruwan Lunsenga

Tisauke Jere na tsaka da tuƙa tuwon masara a tukunya ta uku lokacin da wata mota ta shigo layin da baya da baya. Ba ta ko ɗaga kai ba. Kwana uku ke nan motoci na sintiri a gidan makokin, wannan ya sauke buhun gawayi, wancan ya sauke kabeji. Sai da ta ji matan da ke yanka ganye sun yi tsit, wuƙaƙe sun tsaya, sannan ta share gumi da gefen zane ta waiga.

Akwatin gawa ne fari fat, da hannaye masu ruwan zinariya. Samari shida ke ɗauke da shi, duk da riga iri ɗaya mai hoton mutum a ƙirji, a bayansu kuma wani dogo da kyamara a kafaɗa. Suka dire shi kan bencina biyu a tsakiyar tsakar gida, daidai inda kowa zai gani.

"Kai! Wannan kuma na wa ne?" in ji Tisauke.

"Na Ba Lombe mana, Mama. Mai girma Kansila Bwembya ne ya aiko. Yana tafe," in ji ɗaya daga cikin samarin. Lombe shi ne mamacin, "Ba" kuwa lafazin girmamawa ne da ake sa wa sunan manya a nan.

Ta saki muciyar a cikin tuwon, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana budurwa a Chipata. Bwembya! Wallahi wasu mutanen ranar da ake rabon kunya sun tafi kasuwa.

Kafin ta ƙaraso, Sampa ya riga ta. Ƙanen mamacin ne, shekaranjiya ya iso daga Kasama, bayan shekara tara bai tako gidan ba. Yana shafa murfin akwatin yana kaɗa kai.

"Ka ga aiki! Har da madubi a wajen fuska. Ciki kuma duk auduga."

"Ba Sampa, ina ce jiya na kai ka bayan ɗaki na nuna maka akwatin yayanka?" in ji Tisauke.

"Wannan akwatin tumatir ɗin? Haba Bana Dali, yau dai a bar wasa. Mutum kamar yayana, ƙasa duk ta san muryarsa, a tura shi cikin katakon da ko kaji ba za su yarda su kwana ba? Kuma a nuna mu a talabijin?" Bana Dali, wato uwar Dali, haka ake kiranta da sunan ɗanta.

"Da hannunsa ya ƙera abinsa."

"Ciwo ne ya taɓa masa kai. Ke dai koma kan tukunyarki, ai aikinku ke nan."

Aikinsu ke nan, wannan bai yi ƙarya ba. Tisauke 'yar ƙabilar Ngoni ce, mamacin ɗan ƙabilar Bemba, kuma tun da kakanninsu suka gaji da yaƙi suka ajiye masu, abin ya koma wasa. In ɗan Bemba ya mutu, danginsa ba su ɗaga ko tsinke. Ngoni ne za su yi girki, su haƙa kabari, su ɗauki gawa, su kuma zazzage wa masu makoki duk abin da ya zo bakinsu, ba mai ikon ɗaure fuska. Ranar da mutuwa ta faɗo kan Ngoni, Bemba su rama. Sampa dai tukunyar kawai ya tuna.

Shekara talatin da ɗaya shinge ɗaya ne tsakanin Tisauke da Lombe Kasonde a unguwar Kamatete, kuma ba a taɓa wayewar garin da ba su gaisa da zagi ba. Ita za ta fito zubar da ruwan wanke-wanke, shi yana zaune kan tubalin bakin shinge yana ɗaure wayoyin banjonsa, abin kiɗansa mai kama da garaya.

"'Yar cin ɓera, an tashi lafiya? Jiya na ji ƙauri, na ce to, an yi babban kamu."

"Lafiya lau, maci biri. Ka duba min kajina, tun da na yi maƙwabtaka da Bemba ƙidayarsu ba ta taɓa cika ba."

Ranar da mijinta ya rasu, Lombe ne ya shiga kabarin ya zauna daram, ya ce ba zai fito ba sai an ba shi gasasshen ɓera. Tana cikin kuka ta tuntsire da dariya. Ba ta manta masa wannan ba.

Asalinsa kafinta ne a ƙarƙashin ƙasa, a ramin tagulla, mai kafa ginshiƙan katakon da ke tokare rufi kada ya rufta kan mutane. Shekara goma sha huɗu yana shaƙar ƙura, rana ɗaya aka kira su ɗaruruwa aka ce aiki ya ƙare. Wasu suka koma ƙauye, wasu suka koma kwalba. Shi kuwa ya samu gwangwanin man girki da wayar birkin keke ya ƙera banjo, ya tara katako ya kafa ɗan dandamali a bakin kasuwa. Kowace Asabar da la'asar yakan hau. Ba ya waƙar soyayya, ba ya yabon kowa. Ya yi wa tsadar garin masara waƙa, ya yi wa asibitin da ba magani sai takardar saye, ya yi wa dangin miji masu kwashe gado da tukunya tun gawa ba ta huce ba. Kaset ɗinsa ya shiga motocin haya har Lusaka. Sau biyu 'yan sanda na sauke shi daga dandamalin, sau biyu yana fitowa da sabuwar waƙa a kan abincin da aka ba shi a ciki. A duk waɗannan shekaru mai buga masa ganga wani siririn yaro ne mai faɗin kunne, wanda Tisauke ta sha zuba wa tuwo da kifi a kwanon ɗanta Dali. Sunansa Bwembya.

Yaron ya ajiye ganga ya shiga siyasa, ya yi wuya, ya yi tumbi, ya zama kansila. Wannan ba laifi ba ne, kowa da rabonsa. Laifin ya zo ne shekarar da rafin Lunsenga ya wayi gari shuɗi-shuɗi. Wani abu ne ya ɓalle daga madatsar kamfanin haƙar tagulla da ke sama da unguwar. Kifi ya taso ciki sama, lambunan bakin rafi suka ƙone kamar an watsa musu tafasasshen ruwa, yaran da aka yi wa wanka suka fito da ƙuraje. Famfon unguwa kuwa sai ya yi sati bai ɗiga ba, to ina mutane za su je? Asabar ɗin nan Lombe ya hau dandamali.

"Lunsenga, wa ya rina ka?
Kifi ya kwanta ciki sama,
Uwa ta wanke ɗa, ɗa ya kwana susa,
Masu rinin suna shan na kwalba."

Kafin wata ya ƙare har 'yan makaranta na rera ta a hanya. Sai ga Kansila Bwembya a rediyo, da muryar nan tasa da ya koyi ja. Tisauke na rumfarta ta busasshen kifi ta ji da kunnenta. Ya ce an gwada ruwan, lafiyarsa ƙalau, shi da iyalinsa kullum shi suke sha, wani tsohon mawaƙi ne kawai da kasuwarsa ta mutu yake neman suna. Sati biyu bayan haka ma'aikatan ƙaramar hukuma suka zo da guduma suka rushe dandamalin, wai ya tare hanyar ruwa. Gidan rediyon garin ya daina sa waƙoƙinsa. Lombe ya ari baro, ya yi sawu huɗu, ya kwashe katakonsa ya jingine a bayan ɗaki.

Shekara shida katakon na nan. Tari ya kama shi, ƙurar rami ce ta zo karɓar nata. Muryar da ke cika kasuwa ba lasifika ta koma ba ta ƙetare shinge sai da ƙyar. Da damina ta ɗauke a bana, Tisauke ta fara jin zarto da rana tsaka. A ja sau uku, a tsaya a yi tari, a sake ja. Rana ta huɗu ta kasa haƙuri ta leƙa.

"Kai maci biri, me kake ƙerawa? Akurkin kajin da ka sace min?"

"Gida nake ginawa. Na gaji da maƙwabtaka da Ngoni."

Ta ga tsawon abin, ta ga faɗinsa, ta gane akwatin gawa ne. Ya zauna kan tubali yana haki, ya yafito ta da hannu. Ta zagayo.

"Bana Dali, zauna, yau ba wasa zan yi ba. Na san su. Ina da rai sun toshe min baki, ranar da na mutu za su zo da motoci da kyamara su ce ni nasu ne. Za su kawo akwati mai ƙyalli, wani ya tsaya a kaina ya yi jawabi. Sampa zai karɓa, na san ƙanena, ko kare ne ya zo da mota zai ba shi kujera. Kafula kuma yarinya ce mai kunya, ba za ta iya da su ba."

"To ni me zan yi? Ni ba danginka ba ce."

"Shi ya sa. Dangi ana rufe musu baki, ke wa zai rufe miki? A kan katakon nan na tsaya shekara ashirin na faɗi abin da na gani. A cikinsa nake so in kwanta. Kada ki bari su sa ni a nasu."

"Allah ya sawwaƙe in yi wa Bemba wahala kyauta."

"Na bar miki kajin da na sata."

Ta yi dariya, ta tashi da sauri ta koma gida, don kada ya ga idonta. Amma kafin ta zagaya shingen ta ce masa ta ji, kuma ta ɗauka.

Ranar Talata da hantsi ya cika. Kafula, 'yarsa tilo, malamar makaranta a Lusaka, tana riƙe da kansa, Tisauke na tsaye da kwanon kunun da bai iya sha ba. Aka kai shi ɗakin ajiye gawa na asibiti. Yau Juma'a za a tafi da akwati a ɗauko shi, a wuce coci, a wuce maƙabarta. Ga kuma abin da aka dire a tsakar gida.

Tisauke ta kutsa cikin ɗakin da aka kwashe kujeru, mata na zaune a ƙasa bango zuwa bango. Kafula na lungu, ido ya kumbura.

"Kin ga abin da ke waje?"

"Na gani, Mama. Na yi magana tun jiya da aka aiko da saƙo. Baba ƙarami ya ce 'ya mace ba ta yanke maganar akwati, manya sun gama. Wai kansila zai yi jawabi a bakin kabari, kuma za a sa wa titi sunan Baba."

"Wane titin? Wanda ke gangarawa rafi?"

Kafula ta rufe fuska da zane. "Na kasa, Mama. Baba ya faɗa min ni ma, na kasa."

"Yi kukanki, shi ne aikinki yau. Saura namu ne."

Ta fito waje. Ta kira ƙawarta Misozi, wadda suka zo daga gabas a mota ɗaya shekaru aru-aru.

"Ɗauki kofin silbar can na kan randa. Gangara Lunsenga ki ciko min shi. Kada ki zubar ko ɗigo."

"Me za ki yi, Tisa?"

"Baƙo za mu yi, ba a bar baƙo da ƙishi ba."

Misozi ba ta daɗe da tafiya ba baƙar mota ta tsaya. Kansila Bwembya ya fito cikin baƙar kwat, fuska a jiƙe da alhini tun daga mota, robar ruwan kanti a hannun hagu. Mazan da ke ƙarƙashin rumfa suka miƙe. Sampa har yana tuntuɓe. Mai kyamara ya gyara tsayuwa, kansila ya dafa farin akwatin ya sunkuyar da kai, ya ɗago.

"Jama'ar Kamatete, yau ƙasa ta yi rashi. Ba Lombe ubana ne. A hannunsa na tashi. Muryar talaka ce ta yi shiru, kuma ni da kaina na ce ba za a binne wannan gwarzo kamar..."

Bai ƙarasa ba. Tisauke ta zo ta bayansa da garin masara cike da tafuka biyu ta juye masa a ka. Ta shafa a fuska, ta shafa a kwat, ta murza har cikin faffaɗan kunnen nan.

"Ga ɗan Bemba ya yi fari! Ku zo ku ga maraya, ubansa ya mutu! Yaro, ina gangarka? Ko ka sayar ka sayi tumbi?"

Tsakar gida ta ɗauki dariya, har matan ɗaki suka leƙo ta taga. Samarin nan shida suka yunƙuro, wani dattijo ya ɗaga sanda ya tare su.

"Kul! Abokiyar wasa ce. Wanda ya taɓa ta ya taɓa mu duka."

Bwembya ya san haka sarai. Ɗan Bemban da ya yi fushi don Ngoni sun watsa masa gari a gidan makoki, har jikokinsa sai an yi musu gori. Ya buɗe haƙora cikin farin gari ya yi dariyar dole.

"Mama Jere, ba kya tsufa! Masu cin ɓera, an gaishe ku."

"Muna amsawa. Bari in ga gadon da ka kawo."

Ta ɗaga murfin, ta cire silifas, ta tattare zane ta hau benci, ta shige cikin akwatin ta miƙe. Ta haɗa hannu a ƙirji. Ƙafafunta masu toka da kaushi suka bar sawu a kan farar audugar.

"Wayyo daɗi! Shekara sittin da uku ban taɓa kwanciya a katifa irin wannan ba. Na samu ɗaki. Ku je ku nemo wa maci birinku wani."

Aka sake fashewa. Wannan ma ba sabon abu ba ne, kowa ya san yadda ake yi: abokin wasa ya tare hanya, a ba shi ɗan abin da ya nema, ya kauce. Bwembya ya zaro takardar kuɗi ta kwaca ɗari ya ɗora mata a ƙirji yana kallon kyamara. Ta hure ta, ta faɗi ƙasa. Ya zaro biyar. Ta hure.

"Bana Dali, ya isa haka," in ji Sampa. "Rana na yi, fasto na jira."

"Ba Sampa, wa ke faɗin abin da za a ba mai tare hanya? Mai bayarwa ko mai tarewa?"

Dattijon mai sanda ne ya amsa. "Mai tarewa."

"To ban faɗa ba tukuna."

Bwembya ya sunkuyo kamar zai yi mata raɗar wasa, murmushin na nan a fuskarsa, amma muryar ta canza. "Tsohuwa, ki tuna rumfarki ta kasuwa a ƙasar wa take."

Gabanta ya faɗi, ƙarya ne a ce bai faɗi ba. Rumfar nan ita ce cinta, ita ce shanta, da ita ta rufa wa kanta asiri tun rasuwar mijinta. Ta dubi sama, ta ga reshen mangwaron Lombe da ke leƙowa gidanta, wanda suka shekara talatin suna faɗa a kan 'ya'yansa. Sai ta tashi zaune a cikin akwatin.

"Jama'a, kun ji raɗar da ya yi min? Ya ce in tuna rumfata a ƙasar wa take! Mai kyamara, ka ɗauka? Yaron da na zuba wa tuwo a kwanon ɗana!"

Dariyar ta ragu. Daidai nan Misozi ta shigo tana tafiya a hankali, kofi a tafuka biyu. Mutane suka dare mata. Ruwan na da wani shuɗi-shuɗi mai kama da kore, da ɗan kumfa a gefe, warinsa kamar tsohon batir.

"Ga abin da nake so," in ji Tisauke. "Ba kuɗi ba. Kofi ɗaya na Lunsenga, yanzu aka ɗebo. Ka faɗa a rediyo kai da iyalinka kullum shi kuke sha, na ji da kunnena, duk wanda ke nan ya ji. Ka ce Ba Lombe maƙaryaci ne mai neman suna. To shanye wannan, in fito, ka sa ubanka a akwatinka, ka yi jawabinka har dare. Ai ba wani abu ba ne, abin da ka saba ne."

Misozi ta miƙa. Hannunsa ya karɓa kafin kansa ya yi shawara. Ga kofi a dama, ga robar kanti a hagu, ga gari na zubowa daga girarsa.

"Mama, wannan ai wasa ne..."

"Wasa ne mana. Sha."

"Likita ya hana ni shan..."

"Mu wane likita ya hana mu? Misozi, jikarki nawa aka kwantar bara?"

"Biyu," in ji Misozi. "Ɗaya ta dawo."

Ba wanda ya yi dariya. Bwembya ya ɗaga kofin har kusa da haɓa. Tisauke ta ga maƙogwaronsa ya motsa, ta ga hancinsa ya shaƙi warin. A ranta ta ce in ya sha fa? In ya runtse ido ya shanye, ta sha ƙasa, dole ta fito, don ita ta faɗi sharaɗin da bakinta. Ta damƙe gefen akwatin har farcenta ya shige audugar.

Daga cikin ɗaki wata murya ta taso, siririya. Kafula ce.

"Lunsenga, wa ya rina ka?"

Matan ɗaki suka karɓa. Masu yanka kabeji suka karɓa. Mazan rumfa, tsofaffin 'yan rami masu tari irin na Lombe, suka shigo da tasu muryar mai kauri. Ba tafi, ba ganga. Da aka zo baitin ƙarshe, ba wanda ya nuna shi da yatsa, amma ido ɗari biyu na kan robar da ke hannunsa na hagu.

Ya sauke kofin. Ya waiga neman inda zai ajiye, bai ga tebur ba, sai ya ɗora shi kan tubalin bakin shinge. Ya ce wa mai kyamara ya kashe, mai kyamara ya yi kamar bai ji ba. Ya juya ya nufi mota, gari na bin sawunsa.

"Kin kunyata mu!" Sampa ya daka mata tsawa. "Kin kunyata gidan nan gaban duniya!"

"Rufe min baki, Ba Sampa! Shekara tara rabonka da gidan nan, yana tofar da jini a bayan ɗaki, ko wasiƙa ba ka aiko ba. Yau ka ga hannun zinariya ka tuna kana da wa? Mazan Ngoni, kuna ina? Ku ɗauko min akwatin maci birin nan, rana na yi!"

Maza huɗu suka zagaya bayan ɗaki suka fito da shi. Ba shi da hannaye, igiya ya ɗaura masa a gefe biyu. Katakon ya sha rana da ruwa, wani wuri baƙi, wani wuri toka-toka, a murfin kuma ana iya ganin rabin sunansa da jan fenti, ragowar allon dandamali. Amma ko'ina ya haɗu tsaf, ko allura ba za ta shiga ba. Kafula ta fito da banjon ta ɗora a kai. Sampa ya dubi fuskokin mutane, ya koma gefe.

Tisauke ba ta fito daga farin akwatin ba sai da ta ga an ɗora na katakon a motar unguwa an ɗaure. Sannan ta sauko, ta sa silifas ɗinta, ta ce wa samarin nan su kwashe kayansu, in sun wanke audugar zai yi wa maigidansu amfani wata rana. Ta koma kan tukunya. Tuwon ya kama ƙasa, ya yi gudaji, haka aka ci shi.

A maƙabarta ba wanda ya yi jawabi sai fasto. Da aka zura akwatin, Ngoni suka ɗauki shebur. Ita ce ya kamata ta yi zagin ƙarshe, kowa ya juyo yana jira. Ta tsaya a bakin ramin ta buɗe baki.

"Ɓarawon kaji," ta ce, sai muryar ta ƙi. Misozi ta kama ta ta janye.

Ranar Litinin ta tarar da jan fenti a ƙofar rumfarta, an gicciya, da takarda cewa ta tare hanyar ruwa. Ta karanta, ta yi tsaki. Ta shimfiɗa buhu a ƙasa a bakin kasuwa, daidai inda dandamalin yake a da, ta zuba kifinta. Ta sayar da rabi, rana ta gasa ta, ta dawo gida da ciwon baya.

Washegari da safe ta fito da ruwan wanke-wanke ta watsa a gindin shinge. Bakinta har ya ɗauko zagin ranar, ta haɗiye shi. Kafula ta koma Lusaka, ƙofar na kulle, tokar girkin makoki na nan a tsakar gida. Kofin silbar na kan tubalin da Lombe ke zama, ba wanda ya taɓa shi. Ruwan ya ja baya ya bar shuɗin zobe a jikin kofin. Wata kazarta ta tsallaka ta hau tubalin, ta leƙa ciki, ta karkata kai, ta sauka ba ta sha ba.